Hayar gidan Shah Rukh Khan da kuɗin ɗakinmu a Yamai

Tun farkon 2025 da labari ya fito cewa Shah Rukh Khan zai kwashe iyalinsa daga Mannat, gidansa na bakin teku a unguwar Bandra ta birnin Mumbai, ya koma zaman haya, maganar ta ƙi mutuwa a fadarmu ta Yantala. Da an sauke shayi na farko an ɗora na biyu, sai wani ya zaro waya ya sake tayar da ita. Jaridun Indiya sun ruwaito cewa gidaje biyu masu hawa bibbiyu ya kama a wani bene da ke Pali Hill, na shekara 3, a kan rupi miliyan 2 da dubu 400 da ƴan kai kowane wata, don ana gyaran Mannat ana ƙara gini. Idan aka juya kuɗin zuwa namu, sun haura sefa miliyan 15 a wata. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne, wato sefa dubu 42, tun Janairun 2024. Mai wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi kusan shekara 30 yana tarawa kafin ya biya hayar wata guda.

Kuɗin ne ya fara ba mutane mamaki, amma gardamar a kan ado ta fi zafi. Hotunan da ake miƙa wa juna na cikin Mannat ne, gidan da matarsa Gauri Khan, wadda ƙawata gidaje ce sana'arta, ta tsara da kanta. Wasu suka ce aljannar duniya ce, wanda ya saba da irin wannan ai dole hayarsa ta yi tsada. Wasu suka ce tarkace ya yi yawa, ido bai da wurin hutawa, almubazzaranci ne kawai. Sai wani ya kawo hoton gidan Kim Kardashian na Amurka, wanda wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Axel Vervoordt ya tsara, aka nuna shi a mujallar Architectural Digest a 2020: fari fat daga ƙasa har sama, dogayen barandu babu komai cikinsu. Nan ma aka rabu. Masu cewa Mannat ta cika kaya suka koma cewa wannan kuma kamar asibiti, ko gidan da aka yi wa sata.

Na daɗe ina sauraro kafin in gane abin da ke damuna da gardamar. Ɓangarorin biyu sun ɗauka cewa labule da kujeru da fitilu ne ke sa haya tsada. Wannan zaton ne nake so in warware, domin bai tsaya a fada ba. Ya shiga kan masu gidajen haya na Yamai, kuma talaka ke biyan kuɗinsa.

Mu fara da Mumbai ɗin. Asalin birnin tsibirai 7 ne aka cike tsakaninsu da ƙasa, teku ta riƙe shi ta gefe uku, mutanen da ke cikinsa da kewayensa sun haura miliyan 20. Gari ne da ba shi da wurin miƙe ƙafa sai dai ya hau sama. Pali Hill kuwa ɗan tudu ne mai tsofaffin itatuwa da shiru, inda ƴan fim suka daɗe suna zama. Daga can zuwa Dharavi, inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya, ƴan kilomita ne kacal. Iska ɗaya, rana ɗaya, amma taku ɗaya na ƙasa a nan ya fi gida sukutum a can. Ga kuma wata buƙata da mutum irinsa ba zai kauce mata ba: duk ranar 2 ga Nuwamba, ranar haihuwarsa, da ranar sallah, dubban mutane ke cika ƙofar Mannat don ya fito ya ɗaga musu hannu. Mai irin wannan jama'a ba zai raba matakala da maƙwabta barkatai ba. Dole ya kama hawa huɗu, ya sami wurin masu gadi da ma'aikata. Da za a kwashe duk kujerun benen nan a bar bango tsirara, hayar ba za ta sauka sosai ba.

Sunan tauraro fa, yana ƙara wa gida kuɗi? Ya danganta da wanda ke riƙe da makulli. Idan tauraron ne ɗan haya, farashin unguwa yake biya kamar kowane attajiri, ribar sunan kuwa ta mai gida ce bayan ya tashi. Idan gidansa ne ya buɗe wa baƙi, to sunan shi ne hajar. A 2020 kamfanin Airbnb, mai haɗa baƙi da gidajen hayar kwana, ya yi gasa wadda ladanta kwana ne a gidan su Shah Rukh na Delhi. Gadon da aka kwanta a kai, akwai irinsa a manyan otal da yawa. Abin da mai cin gasar ya samu shi ne labarin da zai riƙa bayarwa har ya tsufa.

To, mu dawo gida. Yamai ba Mumbai ba ce, fili muna da shi gabas da yamma. Garin ya zama babban birni a 1926, Turawa suka ware wa kansu Filato, kwarin Gunti Yena ya raba su da unguwannin baƙar fata. A 1960 mutanen garin wajen dubu 30 ne, a ƙidayar 2012 sun haura miliyan guda. Garin ya bazu har ya tsallake kogi, amma kwalta da magudanar ruwa da pampo mai ƙarfi ba su bi shi da irin wannan gudun ba. Abin da ya yi ƙaranci a Yamai shi ne fili wanda mota za ta isa ƙofarsa a watan Agusta ba ta kafe ba, wanda ke kusa da ofisoshi, wanda kogi ba ya shigowa idan ya cika. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa Harobanda da Kirkisoye da Saga a 2020, ya san darajar tudu. Kuɗin Filato da Kwara Kano da wani ɓangare na Yantala daga nan suka fito.

Sai kuma irin aljihun da ke biya. Shekaru da dama, manyan vila na waɗannan unguwanni ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya ke kama su. Su da yuro da dala ake ba su kasafi. Yuro guda sefa 655 ne da ƴan kai, ba ya motsi, wato miliyan guda tamu bai fi yuro 1,500 da kaɗan ba, kuɗin ɗan ƙaramin gida a Paris. Abin da ke girgiza ma'aikacin gwamnatinmu, su ko ciniki ba sa tsayawa yi. Wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci na 2005 sun bar mana unguwa guda, taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019 kuma ya zo da manyan otal da sabunta filin jirgi, ya kuma koya wa masu kuɗi sana'ar gida mai kaya a ciki, wanda ake haya da kwana ko da mako.

Irin wannan gida na shiga da idona bara, a watan Afrilu. Kawuna ne ya zo daga Tawa. Ɗan kasuwa ne, amma a samartakarsa ya yi aikin gini, yana da parsel a Bobiyel yana so ya gina na haya, ya ce in raka shi ya ga irin waɗanda ake yayi. Wani dillali ya kai mu wata vila da misalin ƙarfe uku na rana. Tun kafin mu iso ya sa mai gadi ya kunna kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. Muka shiga salo, sanyi ya buge mu. Ƙasa karo ne mai sheƙi kamar ruwa, sama aikin sitaf hawa uku da ƴan fitilu shuɗi da ja a ɓoye cikinsa, ga babbar fitila mai ƙyalƙyali tana reto a tsakiya, ga labule har ƙasa, ga kujeru farare masu ƙafafun ruwan zinari. Bangon yamma kusan duk gilashi ne.

"Alhaji, kun gani da idonku," in ji dillalin. "Mawaƙa nan suke zuwa ɗaukar bidiyo. Jika 900 ne wata, in kwana ne jika 60."

Kawu bai ce komai ba. Ya je ya ɗora tafin hannunsa a bangon yamma, ya janye da sauri. Ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya saurara. Ya leƙa bayan kujera, ya ga inda fatar roba ta fara saɓulewa. Ya ɗaga kai ya nuna mini wani tabo ruwan ƙasa a kusurwar sitaf, alamar rufi na yoyo. Sannan ya ce wa dillalin, "Yaro, kashe muna kilim ɗin nan mu zauna kaɗan." Dillalin ya yi jim, ya kashe. Ba mu yi minti ashirin ba gumi ya jiƙa mana riguna. Da muka fito, Kawu ya ce mini, "Ɗana, wannan tanda ce aka yi wa kwalliya. Ranar da wuta ta ɗauke, mai gidan tsakar gida zai kwana, ga shi kuwa ko itace guda ba su bari ba." Tsakar gidan duk an shafe ta da siminti.

Ina ganin a nan ne lissafin ado yake fitowa fili. Ƙasa daraja take ƙarawa kowace shekara, kayan ƙawa kuwa tun ranar da aka sauke su daga mota suke fara mutuwa, kuma a Yamai mutuwar da sauri take zuwa. Ƙurar hunturu na shiga labule da farar kujera, zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke wuce 40 kusan kullum, yana fasa fatar roba, hawa da saukar wuta na ƙona ƴan fitilun nan ɗaya bayan ɗaya. Mu ƙaddara mai gida ya zuba miliyan 12 a kujeru da gadaje da labule da talabijin da kilim, kuma ya san shekara 4 za su yi kafin su tsufa. Wata 48 ke nan. A raba, jika 250 ke nan kowane wata, tun ba a yi maganar kuɗin ginin kansa ba, ko albashin mai gadi, ko man janareto, ko watannin da gidan zai zauna ba kowa. Duk wannan a wuyan ɗan haya za a ɗora shi. Wanda ya kama irin wannan gida yana biyan kuɗin tsufan kayan wani, ranar da zai tashi kuma ko cokali ba zai fita da shi ba. Ga baƙon mako biyu, wannan ciniki ne mai ma'ana. Ga mazaunin gari, zanen aro ne, ba ya rufe katara.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kasuwar ta juya. Sojojin Faransa sun gama fita a Disambar shekarar, ofishin jakadancinsu ya rufe a Janairun 2024, sojojin Amurka suka bi baya cikin 2024, baƙi da yawa masu kasafin yuro suka tafi. Hankali zai ce haya ta faɗi warwas. A saman kasuwa ta sassauta, duk mai yawo a Kwara Kano ya ga ƙofofi a rufe da allon neman ɗan haya. Sai dai yawancin masu waɗannan gidaje da kuɗin hannu suka gina, babu banki a bayansu yana ƙirga musu kwana, don haka mutum ya gwammace ya kulle gida wata shida da a ce ya karya farashi maƙwabta su ji. Wasu kuma suka koma hayar kwana, ga angwaye da masu ɗaukar hoto da ƴan kasuwa masu wucewa. A ɗaya gefen, kayan adon kansu sun ƙara tsada. Karo da fitilu da kujeru daga Sin da Turkiyya da Dubai suke zuwa, da can ta tashar Kwatano, da aka rufe iyakar Benin a 2023 sai aka koma zagayawa ta Lome a ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji. Siminti ne kaɗai ya sauka, tun da gwamnati ta rage farashinsa a Oktoban 2024, ga shi kuma a gida ake yin sa, a Malbaza.

Da abin ya tsaya tsakanin attajirai, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ke ci mini rai shi ne hanyar da adon ke bi ya sauko ƙasa. Mawaƙi ya ɗauki bidiyo a gidan da ya haya na yini guda. Yarinya ta gani a TikTok, ta ɗauka haka gidan mutum mai rufin asiri yake. Iyayenta su ci bashi su haɗa kayan ɗaki masu kama da shi. Mai gidan haya a Talaje ko Lazare ya lura abin da ido ke so ke nan, sai ɗan haya na tashi ya kira mai sitaf, ya manna karo, ya rataya fitila mai launi, ya shafa fenti. Ɗaki da salon da jiya malamin makaranta ke iya biya, yau an ce masa ya zama na zamani, kuɗi sun ƙaru, ga kuɗin ajiya, ga na watannin gaba, ga ladan dillali. Rufin kwanon yana nan yadda yake, tagar nan ƙarama ba ta ƙaru ba, makewayi ɗaya ne ga ƙofa biyar, pampo sai tsakar dare yake kawo ruwa. Kallon kitse ake yi wa rogo, kuma mutum ba shi da zaɓi, domin masu neman ƙaramin ɗaki kullum ƙaruwa suke: ɗalibai, sabbin ma'aurata, waɗanda rashin tsaro ya koro daga yankin Tilaberi, da waɗanda ambaliyar 2024 ta rushe wa gidajen ƙasa. Kasuwa biyu ce a gari ɗaya. Ta sama gidaje sun fi mutane yawa, ta ƙasa mutane sun fi ɗakuna yawa, amma adon ta sama ake ɗauka a yi hujjar ƙarin kuɗi a ta ƙasa.

Kada a fahimce ni a matsayin maƙiyin ƙawa. A gardamar fada, zuciyata ta fi karkata ga Mannat mai cike da kaya a kan farin gidan Amurka, domin mu ba mutanen ɗaki wayam ba ne. Na tashi ina ganin ɗakin kakata a Tawa: jeren kwanoni da tasoshi tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowanne an wanke shi da toka yana ɗaukar ido, ƙore masu zane a rataye, faya-fayai masu launi a bango, gado mai rumfa da tulin katifu. Wannan jeren tarihinta ne. Ta san wanda uwarta ta ba ta, ta san wanda ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli, kuma idan wuya ta zo, tasa guda tana iya zama hatsin mako. Ado ne kuma asusu ne. Ɗakin da ke ɗauke da shi kuwa bangonsa na ƙasa kauri gare shi, da tsakar rana in ka shiga sai ka ji kamar an zuba maka ruwa.

Ilimin wannan gini bai ɓace ba, kuma a jihar Tawa yake da zurfi. Masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962 da ƙasa da itace, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Mariam Issoufou, ƴar ƙasar nan da duniya ta san aikinta, ita da abokan aikinta sun gina gidaje 6 a Yamai, aikin da ake kira Niamey 2000, a 2016 da tubalin ƙasa da inji ya matse, masu hawa biyu, da inuwa da hanyar iska, don iyalai masu matsakaicin ƙarfi. A Dandaji kuma sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da irin wannan tubali. Masu zanen gine-gine na ƙasashen waje suna nazarin waɗannan ayyuka, mu kuma muna sayen hoton salon Dubai. A ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata akwai timtim na fata da barguna saƙar hannu da tabarmi waɗanda ƙura ba ta kashe su, a Katako akwai kafintoci da maƙera da za su yi maka kujerar da jikanka zai zauna a kai. Mai gidan haya bai cika kallonsu ba, don ba sa ƙyalli a hoton waya.

Abin da zan so mai neman haya ya riƙe shi ne tambayoyin Kawu. Ya je ganin gida da rana tsaka, kada ya yarda da ganin dare lokacin da fitilu ke aikinsu. Ya sa a kashe kilim. Ya taɓa bangon yamma. Ya buɗe pampo ya ga ƙarfin ruwa, ya nemi tsofaffin takardun kuɗin wuta ya ga abin da gidan ke ci a watan Mayu, ya tambayi mai shagon kusa inda ruwa ke tsayawa da damina. Sannan ya ce wa dillali ya faɗa masa kuɗin gidan ba kaya, ya ji bambancin.

Kawu ya soma gininsa a Bobiyel bayan sallar layya. Ƙofa uku ce, kowace ɗaki biyu da salo da makewayinta. Ya sa magini ya ɗaga rufi sama da yadda aka saba, ya bar ƴan ƙofofin iska a ƙarƙashinsa, bangon yamma ya hana a huda masa taga, ya ja baranda a gabansa. Kuɗin da aka lissafa masa na sitaf da fitilu ya juya su ya sayi tankin ruwa. Dillalin da ya zo dubawa ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan ba zai yi kyau a hoto ba." Kawu ya ce masa a bar hoton, a kawo mutum ya zauna minti ashirin. Kafin a ɗora kwano ya riga ya dasa dogon yaro biyu a tsakar gida, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, ya bar wa mai gadi kuɗin ban ruwa na wata uku.